Magariba ƙarfe huɗu saura kwata a Glasgow

Assalamu alaikum jama'a, ku dubi sararin nan a bayana. Wallahi ƙarfe huɗu saura kwata ne yanzu a Glasgow kuma har rana ta faɗi. Na yi azahar, ina gama cin abinci la'asar ta shiga, na fito sayen burodi sai ga duhu. Wata uku ke nan da zuwana Sikotland kuma abin nan har yau yana ba ni haushi, rana sai tara saura kwata take fitowa, in ma gajimare ya bar ta.

Ɗazu na kira Inna a Argungu tana ta ba ni labarin hunturu, ƙura ta rufe gari, ƙafafun yara duk sun yi kaushi, da asuba sai an hura wuta a tsakar gida. Ta ce ku can ai ƙanƙara ke zuba ko? Na ce Inna ruwan sama ake yi tun jiya. Ta ce ruwa a watan Disamba, ɗan nan? Sai da na juya mata waya ta ga titi a jiƙe.

To shi ne na zauna na bi diddigin abin. Mu a gida iska biyu ke musayar aiki a kanmu. Ɗaya daga teku take tasowa, can ɓangaren Legas, ɗauke da danshi, tana hawowa arewa sannu sannu, shi ya sa mutanen Zuru da Yawuri ke riga mu shuka, su sun yi nisa mu a Argungu muna nan muna duban gabas ko hadari zai haɗo. Wajen Oktoba ta ja da baya, sai busasshiyar iskar Sahara ta karɓe, kuma ƙurar nan da ke shiga mana ido da yawanta daga Bodele take a ƙasar Chadi, wani tsohon tafki ne da ya ƙafe. Su kuwa nan tekun Atlantika na bakin ƙofarsu, iskar yamma na kwaso musu ruwa shekara zagaye, ba su san wani abu wai shi rani ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, Glasgow da Mosko kusan layi ɗaya suke, digiri 55 da ɗoriya arewa da layin Ikwaita da ya raba duniya biyu, mu muna wajen 12. Amma a Mosko sanyi kan kai digiri 10 ƙasa da sifili, nan kuwa yawanci 3 ko 4 ne sama da sifili, don akwai ruwan ɗumi da ke gudana cikin teku tun daga mashigin Meziko yana ɗumama musu iska. Ikon Allah. Duhun kuwa ba ruwansa da teku, karkatar duniya ce, a Yuni an ce mini sai bayan goma na dare rana ke faɗuwa.

Kuma ku ji wannan, Landan da ake ta zuzuta ruwanta wajen milimita 600 take samu a shekara, Birnin Kebbi ta fi ta! Namu a wata huɗu yake sauka, da tsawa da walƙiya, ya cika fadama mu yi shinkafar da ake kai wa har Legas. Nasu yayyafi ne kullum tsis tsis, ba ya ko ƙamshi. Ƙamshin ƙasar nan na ruwan farko, wallahi shi na fi kewa.

Duk mai shirin zuwa, kada ka ɓata kuɗinka a lema, tawa fam 8 na saye ta iska ta karya ta a kwana biyu. Ka nemi jaket mai hula wadda ruwa ba ya ratsawa, tawa fam 60. Ka riƙa shan bitamin D, likitocinsu ma haka suke cewa saboda ƙarancin rana, kuma ka sa lokutan sallah a waya don ba za ka ji ladan ba.

Ga bas ɗina nan, bari in je in yi magariba, isha ma ta kusa. Ku gaida mini mutanen Kabi.