Ɗan shekara 102 da ɗansa mai 75: me masu sharhi suka gani?

Assalamu alaikum. Jama'a, na ga wasu na murmushi tun da aka ce fim ɗin Indiya za mu tattauna. To, a kwantar da hankali, yau babu rawa a gindin bishiya.

Fim ɗin shi ne 102 Not Out, wanda Umesh Shukla ya ba da umarni, ya fito a watan Mayun 2018. Asalinsa wasan dandamali ne da Saumya Joshi ya rubuta da harshen Gujarati. Ku riƙe wannan, domin nan ne masu sharhi suka fi kafa hujja.

Amitabh Bachchan ne uban, Dattatraya, mai shekara 102, yana son ya zarce kowa tsawon rai a duniya. Rishi Kapoor ne ɗan, Babulal, mai shekara 75, wanda ya riga ya sallama wa tsufa, kullum cikin ƙorafi da zuwa wurin likita. Sai uban ya ce zaman wannan yaro kusa da shi zai rage masa kwana, don haka zai kai shi gidan tsofaffi, sai dai in ya cika wasu sharuɗɗa. Uba zai kai ɗa gidan tsofaffi! A zahiri kuma shekara goma ce kacal tsakanin jaruman biyu. Mu da muka taso da Amar Akbar Anthony da Coolie a gidajen silima na Kano, mun san su suna samari. Kafin wannan fim kuwa, rabon da su fito tare tun 1991.

Masu sharhi sun yaba wasan jaruman, kusan baki ɗaya. Ƙorafinsu biyu ne. Na farko, wai fim ɗin bai rabu da dandamali ba: gida ɗaya a Mumbai, mutum uku ana ta magana, su biyun da saurayin nan Dhiru mai kawo magani. Ni wannan bai dame ni ba. Wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san duniyarsa ba ta wuce ɗaki da zaure da tsakar gida. Ina za a kai su, kan dutse? Kuma barkwancin nan ba na tuntsura dariya ba ne, na tsokana ne, irin wanda kaka ke yi da jika. Wanda ya zo neman ƙyaƙyatawa dole ya ce babu gishiri.

Na biyun shi ne cewa rabin ƙarshe ya koma neman hawaye da ƙarfi. A nan kam, malam, ina tare da su. Babulal yana da ɗa, Amol, a Amurka, wanda ko rasuwar mahaifiyarsa bai zo ba, sai maganar gida ta taso ya tuna da uba. Kakan ya dage sai Babulal ya yanke hulɗa da shi. To amma Amol ba a ba shi damar magana ba. An zana shi baƙi ƙirin don kawai mu tsane shi. Fim ɗin da ya yi haƙurin sauraron tsofaffi biyu, ya kasa ba jikan minti biyar ya faɗi nasa.

Rishi Kapoor ya rasu a watan Afrilun 2020. Da na sake kallo bayan nan, na lura idona na kansa ne, ba kan Amitabh mai farin gemu da ɗaga murya ba. Akwai mai tambaya? Bismillah, hajiya.