Hayar Lof da Kuɗin Wuta da Ruwa a Ciki: Me Kake Biya a Zahiri?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ku ɗauka kun ga tallar wani gidan haya. Babu bangon da ya raba falo da kicin, ko kicin da wurin kwana. Banɗaki ne kaɗai ke da ƙofa. Silin yana can sama, tagogi manya-manya, jan bulo tsirara babu filasta, bututun ruwa duk a fili. Irin wannan gida ake kira lof. Tallar kuma ta ce kuɗin wuta da ruwa suna cikin kuɗin haya. Wannan maganar ta ƙarshe za mu tsefe yau.

Asalin lof masana'antu ne da ɗakunan ajiyar kaya. A shekarun 1960, da masana'antu suka yi ta ficewa daga unguwar SoHo ta Manhattan a birnin New York, masu zane da sassaƙa suka tare a benayen da aka bari, saboda arha da faɗi da haske, ko da yake doka ba ta yarda a zauna a ciki ba. A 1982 jihar New York ta yi dokar da ta ba irin waɗannan mazauna kariya. Yanzu reshe ya juye da mujiya: lof ya koma na masu hannu da shuni, har ana gina sababbi ana yi musu kamannin tsohuwar masana'anta.

Me ya kawo tarihi cikin zancen kuɗin wuta? Ginin da aka yi domin injuna, ba a yi shi da tunanin mai jin sanyi ba. Ɗauki ɗaki biyu masu faɗi ɗaya, wannan tsayin silinsa mita 2.5, wancan mita 4.5. Iskar da za a ɗumama ko a sanyaya a na biyun ta kusa ninka ta farkon. Ga shi iska mai ɗumi sama take hawa. Shi ya sa a lokacin sanyi kana kan kujera ƙafafunka kamar ƙanƙara, alhali ɗan benen da aka ɗora gado a kai ya ɗau zafi. Idan tagogin tsofaffi ne masu gilashi falle ɗaya, ɗumin ta nan yake zurarewa.

Saboda haka a lof, haɗa kuɗin wuta da haya ya fi amfani ga ɗan haya fiye da a ƙaramin gida. Ka san abin da za ka biya kowane wata, ba ruwanka da tashin farashi kafin wa'adin yarjejeniya ya cika. Amma mai gida ma ba yaro ba ne. Ya riga ya lissafa abin da gidan ke sha a shekara, ya raba 12, ya ɗora ɗan wani abu a kai. In kai mai yawan tafiya ne, kana biyan wutar da ba ka sha ba.

To, sai a duba takarda. "Komai a ciki" magana ce ta dillali. Yarjejeniya ta lissafa su ɗaya bayan ɗaya: lantarki, ruwa, gas, ɗumama ɗaki, shara, intanet. Sau da yawa ruwa da shara ne kawai a ciki, su ne masu arha, lantarki kuwa yana wuyanka. Wasu masu gidan suna sa iyaka, in ka wuce ka biya rarar. Tambayi nawa ne iyakar, a wata ake ƙirgawa ko a shekara, kuma da wace mita? Idan mita ɗaya ce ga benen gaba ɗaya, kana iya biyan wutar maƙwabcin da ba ya kashe na'urar sanyaya ɗaki.

Tambayar da aka fi mantawa ita ce: a hannun wa maɓallin hita, wato na'urar ɗumama ɗaki, yake? Mai biyan kuɗin yakan so ya riƙe shi. A birnin New York, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, dole mai gida ya riƙe ɗumin ɗaki aƙalla a maki 20 na ma'aunin Salshiyos da rana idan waje ya yi sanyi. Kowane birni da tasa ƙa'idar, ka nemi ta inda kake.

Ka tabbatar ginin yana da izinin zaman mutane, ka kuma leƙa unguwar da dare, domin tsohon yankin masana'antu ba ya rasa manyan motoci da gidajen rawa.

Kafin ka sa hannu, ka roƙi a nuna maka takardun kuɗin wuta da gas na watanni 12 da suka wuce. Haɗa su, raba 12, cire daga kuɗin hayar. Abin da ya rage shi za ka gwada da hayar sauran gidajen unguwar.