Lambar da Ke Jikin Ƙwai: Lacca Kan Kaji, Keji da Doka

(An rubuto daga naɗin laccar, an rage maimaicin baki.)

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla.

Yau maganar ƙwai za mu yi, kuma ba farashin kiret ba, ko da yake na san can hankalin kowa ya tafi.

In ka shiga kanti a Jamus ko Faransa ka ɗauki ƙwai ka jujjuya, za ka ga an buga masa lamba a jikin ɓawo. Tun 2004 dokar Tarayyar Turai ta wajabta haka. Lambar farko ce mai labari. Sifili, kazar da aka ciyar da abincin da aka noma ba da takin zamani ko maganin feshi ba, kuma tana fita waje. Lamba 1, tana fita fili ta yi kiwo. Lamba 2, tana cikin rumfa a sake amma ba ta fita. Lamba 3, keji. Sai haruffan ƙasa, DE ko FR, sannan lambar gona.

Bari in tsaya kan kejin nan. Na waya ne, an jera shi hawa-hawa, ƙasansa a karkace don ƙwai ya gangaro da kansa. Rabon kowace kaza murabba'in santimita 550. Farar takardar nan da ke hannuna ta fi shi faɗi. Kun san kazar gida: ta yi tono, ta yi birgima cikin ƙura, in ƙwai ya zo mata ta nemi lungu, da magariba ta haye akurki. Ta cikin keji ko fiffike ba ta iya miƙewa, haka har ta gama zamaninta.

Siwizalan ta riga kowa, ta raba gari da irin kejin nan tun 1992. Tarayyar Turai ta yi doka a 1999, ta ba manoma wa'adi zuwa 2012. Sai dai abin da ya maye gurbinsa shi ma keji ne, an ƙara rabon kowace kaza zuwa murabba'in santimita 750, an sa sandar hawa da ɗan wurin nasa ƙwai. A ganina an rage mugun iri ne kawai.

To ina amfanin lambar? Da, a jikin kwali za ka ga hoton kaza tana yawo cikin ciyawa, alhali ba ta taɓa ganin rana ba. Da aka tilasta wa kowa bugawa, ba ganin dama ba, sai masu kare haƙƙin dabbobi a Jamus suka samu abin kamawa, suka dinga cewa kada a sayi mai lamba 3. Uwar gida ta iya karanta ɓawo, ciniki ya ja baya, manyan kantuna suka kwashe shi daga kanta.

Amma akwai ƙofar baya. Ƙwan da aka fasa aka zuba cikin taliya, biskit ko kek, ɓawonsa ya tafi shara tare da lambarsa, kuma dokar Tarayyar ba ta tilasta a faɗi asalinsa ba. Haka na gidan abinci. Nan ƙwan keji ya sami mafaka. Shi ya sa nake cewa lambar ta buɗe wa mai saye ido, amma ita kaɗai ba ta isa ta fitar da kaza daga keji ba.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ta bi wata hanya, ta ƙuri'ar jama'a. A 2008 aka fara, a 2018 aka ƙara ɗaurewa, daga 2022 aka hana sayar da ƙwan keji a jihar, ko daga wace jiha aka kawo shi. Masu kiwon alade, da dokar ta shafe su su ma, suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 2023 suka sha kaye. Ba zan ɓoye muku ba, kiwon sake ya fi cin kuɗi, kuma aljihun talaka ne ke fara ji. Duk mai fafutukar da ya ƙi kallon wannan bai shirya ba.

A Turai kuwa, mutum kusan miliyan 1.4 suka sa hannu a hana keji kwata-kwata. A 2021 Hukumar Tarayyar ta yi alkawarin kawo ƙudurin doka kafin ƙarshen 2023. Shekarar ta wuce ba a kawo shi ba.

Wani zai ce ina ruwanmu? Kejin da Turai ta yi watsi da shi, irinsa ake kafawa a gonakin kajinmu, kuma kiret ɗin da muke ɗauka a kasuwa ba ya gaya mana komai. Sannan ba baƙon zance ba ne gare mu, duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle.

Na ga mai gabatarwa yana nuna mini agogo. Baba na gaba, na ga hannunka tun ɗazu, bismillah.