Majinyaci a Teburin Masu Bincike

Jama'a, barkanmu da warhaka.

Idan aka ce majinyaci ya shiga binciken lafiya, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne an ɗebi jininsa, an ba shi magani, an rubuta sakamako. Yau maganar wani majinyacin daban za mu yi, wanda ake zama da shi tun kafin a fara aiki, a nemi shawararsa kan abin da za a bincika da yadda za a yi.

To me zai gaya wa likita wanda likitan bai sani ba? A 2002, taron ƙwararru kan cututtukan gaɓɓai mai suna OMERACT ya gayyaci masu fama da amosanin gaɓɓai su zauna cikinsu. Likitoci sun daɗe suna ƙirga gaɓɓan da suka kumbura, suna auna zafin ciwo. Sai majinyatan suka ce an manta da abu guda: gajiya. Irin gajiyar da mutum zai kwana ya tashi da ita, ko wanka ya gagare shi. Daga baya aka amince a riƙa auna ta a gwajin magungunan cutar.

A kiwon lafiya na matakin farko kuwa, buƙatar ta fi yawa. Mai hawan jini ko ciwon sukari 'yan mintoci yake yi gaban likita, sauran watannin yana gida da ƙwayoyinsa. Shi ya san wanne ke sa shi jiri, shi ya san dalilin da ya sa ya daina shan na dare. Masu bincike, ku ba shi takardar neman amincewar shiga bincike ya karanta, zai ɗora yatsa kan layi ya ce, wannan kalmar ba wanda zai gane ta. Ku nuna masa jadawali, zai tambaya: mai allurar insulin da kuka ce ya zo bai karya ba, awa nawa zai yi a layi kafin a ɗebi jininsa? Irin waɗannan tambayoyin ne ke hana mutane gudu daga bincike a tsakiyar hanya.

Wasu ƙasashe sun riga sun tsara abin. A Birtaniya, James Lind Alliance da aka kafa a 2004 tana haɗa majinyata da masu jinyarsu da ma'aikatan lafiya su fitar da tambayoyi 10 mafi muhimmanci kan wata cuta. A Amurka an kafa PCORI a 2010, wadda ke ba da kuɗin bincike tana neman ganin hannun majinyata a cikinsa.

Abin da ke damuna shi ne a kira su bayan an gama komai, an zaɓi tambaya, kuɗi sun fito, sai dai su sa albarka. Wannan cika sharaɗi ne kawai. A kira su tun ana zaɓen tambaya. A biya su ladan lokacinsu da kuɗin mota. Kada kuma a tsaya kan masu ilimin boko da suka saba da taro. Wanda ba ya iya karatu, da matar da ke jinyar mahaifiyarta, su ma a ba su kujera, a yi magana da harshen da suke ji. Idan aka ɗauki shawararsu a gaya musu, idan ba a ɗauka ba a faɗi dalili.