Amsoshin Tambayoyinku: Samarin Montesano da Kiɗansu Mai Ƙara

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. A makon nan saƙonni huɗu muka ware, kuma dukkansu sun haɗu a kan wasu makaɗa da ake kira Melvins, na wani ɗan ƙaramin gari a Amurka. Mai sauraron da ya saba jin muna zancen sarakuna da yaƙe-yaƙe a wannan fili sai ya yi mana uzuri, yau kunne zai sha ƙara.

Saƙon farko daga wani ɗalibi ne a Zariya. Ya ce ya sayi riga a gwanjo, an rubuta Nirvana a gabanta. Da ya bincika a intanet sai ya ga sunan wasu mashahuran makaɗa ne na Amurka, kuma mawaƙinsu Kurt Cobain ya sha faɗin cewa a wurin wasu da ake kira Melvins ya fara ganin hanya. Shi ne yake tambaya: su wane ne Melvins, kuma daga ina suka fito?

To malam ɗalibi, rigarka ta kai ka nesa. Melvins sun kafu ne a 1983 a garin Montesano da ke jihar Washington. Kada a rikita ta da birnin Washington inda fadar shugaban ƙasa take. Wancan yana gabas, jihar kuma tana can ƙuryar arewa maso yamma a bakin tekun Fasifik, tsakaninsu ya haura kilomita 3,500. Montesano shi ne hedikwatar gundumar Grays Harbor, amma kada sunan hedikwata ya ruɗe ka: a wancan lokaci mutanensa dubu uku ne da 'yan ɗaruruwa. Yanki ne na daji da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, abincin mutane kuma yana jikin itace: a sare, a loda gungume a mota, a kai injin yanka katako a Aberdeen, garin da ke kusa da shi ta yamma. A farkon shekarun 1980 kasuwar katako ta faɗi, injina suka yi ta rage ma'aikata. Ga tashar lantarki ta nukiliya da aka soma ginawa a Satsop, nan kusa, wadda ta ɗauki dubban leburori; ita ma aka dakatar da aikinta tsakanin 1982 da 1983, aka bar hasumiyoyinta tsaye ba su taɓa ba da wuta ba. Saurayin da ya gama sakandare a wannan yanayi, abin yi ya yi masa kaɗan.

Su uku ne suka fara, duk 'yan makarantar sakandaren garin: Buzz Osborne mai jita da waƙa, Matt Lukin mai jitar bes, wato mai kaurin muryar nan, sai Mike Dillard mai ganguna. Osborne an haife shi a 1964 a Morton, wani garin masu saran itacen da bai ma kai Montesano girma ba. Sunan kuwa tsokana ce. Osborne yana aiki a wani kantin kayan masarufi na garin mai suna Thriftway, akwai wani shugaban ma'aikata a kantin da ake kira Melvin wanda yaran ba sa shiri da shi, sai suka ɗauki sunansa suka laƙa wa kansu. Bawan Allah yana zaman zamansa, sunansa ya zaga duniya.

Da farko waƙoƙin wasu suke maimaitawa, irin na Jimi Hendrix da The Who. Ba a jima ba suka koma kiɗan da ake kira hadko pank, wanda shi ne ya kawo mu ga saƙo na biyu.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta rubuto cewa ƙanenta ya kunna mata irin wannan kiɗa, ita dai ba ta ji komai ba sai ihu da kwaramniya kamar ana rikici a tasha. Ta ce don Allah a gaya mata, kiɗa ne ko hauka?

Hajiya, ba ke kaɗai ba ce. Iyayen yaran ma haka suka ce. Pank ya taso ne a tsakiyar shekarun 1970, da Ramones a New York da Sex Pistols a Landan. Matasa ne suka gaji da manyan makaɗan zamanin, masu waƙa ɗaya ta yi minti goma ana nuna gwanintar yatsu, suka ce duk wanda ya iya riƙe jita ya hau dandamali. Hadko shi ne ƙanensa da ya fi shi zafin kai. Ya fito a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980: Black Flag a kudancin Kalifoniya, Dead Kennedys a San Francisco, Minor Threat da Bad Brains a birnin Washington. Su Bad Brains ma baƙaƙen fata ne, kuma da yawa a fagen suna ɗaukarsu a matsayin waɗanda suka fi kowa iya kiɗan. Waƙa takan ƙare a minti ɗaya ko ɗaya da rabi, mai ganga yana duka iya ƙarfinsa, mawaƙi yana daka tsawa a kan 'yan sanda, ko gwamnatin Ronald Reagan, ko malaman makaranta, ko zaman kashe wando.

Ni ma, in faɗi gaskiya, ba kiɗan da zan sa ina cin tuwon dare ba ne. Amma hauka ba ta da tsari, wannan kuwa yana da shi. A ce mutum uku su taka irin wannan gudu tare, su tsaya cak a bugu ɗaya, sai an yi wata da watanni ana gwaji. Kuma akwai wani abu da ya fi sautin muhimmanci: yadda suke tafiyar da harkar. Manyan kamfanonin faifai ba su kula su ba, gidajen rediyo na kasuwa ba sa sa su, don haka suka koma yin komai da hannunsu. Mai jitar Black Flag, Greg Ginn, shi ya kafa kamfaninsu SST. 'Yan Minor Threat suka kafa Dischord a 1980, suna naɗe kwalin faifai da hannu a gida. Wannan ɗabi'a ce ta sa yaron ƙauye ya ga shi ma zai iya.

Saƙo na uku daga wani dattijo ne a zangon Kumasi, kuma tambayarsa ta fi burge ni. Ya ce a 1983 babu intanet, babu wayar hannu. Ta yaya yaran da ke garin masu saran itace suka ji labarin kiɗan da rediyo ba ta sawa, har suka kai ga yin faifai?

Baba, amsar tana cikin abin da kai ma ka sani: kaset. Duk wanda ya rayu a zamanin da ake kai kaset wurin mai kwafi a kasuwa ya san yadda waƙa ke tafiya hannu da hannu ba tare da izinin kowa ba. Haka aka yi a can. Wani ya samu faifai, ya kwafa wa aboki, aboki ya kwafa wa wani. Akwai kuma 'yan mujallu da matasan ke bugawa da kansu, babbarsu ita ce Maximum Rocknroll da ta fara fita a 1982, cike da adireshi: ka sa kuɗi a ambulan ka aika, faifai ya iso ta gidan waya. Sannan akwai mota. Olympia, babban birnin jihar, tafiyar kusan kilomita 60 ce daga Montesano, kuma a can akwai gidan rediyon ɗalibai na KAOS a kwalejin Evergreen, mai sa faifan ƙananan kamfanoni. Seattle kuma kimanin kilomita 160. Osborne da Lukin sukan kama hanya su je kallon wasa, su dawo cikin dare.

A gida kuwa babu zauren wasa. Cobain ya ba da labarin cewa ya fara ganinsu ne suna kiɗa a filin ajiye motoci na bayan kantin nan na Thriftway, bayan an miƙa masa 'yar takardar gayyata. Yana ɗan shekara 16 a lokacin, kuma ya taɓa zama a Montesano wurin mahaifinsa. Osborne ne ya riƙa haɗa masa kaset na su Black Flag da Flipper.

A 1984 Dillard ya bar su. Krist Novoselic, wanda daga baya ya zama mai bes na Nirvana, shi ya haɗa su da wani yaro ɗan Aberdeen mai suna Dale Crover, haifaffen 1967, wanda ke buga ganga a wani rukuni mai maimaita waƙoƙin Iron Maiden. Gwaji ya koma wani ɗaki a gidan iyayen Crover, samarin unguwa marasa aikin yi suna taruwa suna kallo, har Osborne ya sa musu suna da ke nufin 'yan manne. Cobain yana cikinsu, yana taya su ɗaukar kaya in za su wasa.

A nan ne labarin ya juya, kuma a ganina nan ne gishirinsa. Duk tsawon shekarar farko kwaikwayo suke yi: abin da ake yi a Kalifoniya da birnin Washington, su ma su yi, iyakaci su ƙara gudu. Ana iya jin haka a naɗe-naɗensu na 1983, waɗanda sai a 2005 aka fitar da su. Da sun tsaya a nan, da yanzu babu mai tuna su, don irinsu ɗaruruwa ne a garuruwan Amurka. A 1984 Black Flag suka fitar da faifan My War, wanda bayansa waƙoƙi uku ne kacal, kowacce ta haura minti shida, a hankali, da nauyi irin na Black Sabbath. Masu son hadko da yawa suka ce an ci amanarsu. Su kuwa samarin Montesano sai suka ga ƙofa. Yaran birni suna ƙyamar kiɗan metal, wato kiɗan jita mai nauyi irin na Black Sabbath da Iron Maiden, suna ganin na 'yan ƙauye ne. Su kuwa a cikinsa suka tashi, mai gangarsu ma daga can ya fito, ba su da wata kunya a kansa. Sai suka rage gudu, suka sassauta tsirkiyar jita ta yi kauri, Crover yana sauke sanda kamar mai faskare. Nisan da suke da shi daga birni ya sa babu wanda ke tsaye a kansu yana gaya musu abin da ya halatta da abin da bai halatta ba.

Faifai kuwa ya zo a 1986. Wani ƙaramin kamfani a Seattle, C/Z, ya haɗa rukuni shida a faifai ɗaya mai suna Deep Six: Melvins da Soundgarden da Green River da Malfunkshun da Skin Yard da U-Men. Bai yi kasuwa ba a lokacin, amma yau ana lissafa shi cikin tushen salon da aka sa wa suna granj, wato salon da Nirvana suka yi suna da shi. A shekarar ne kuma kamfanin ya fitar musu da nasu ɗan faifan mai waƙa shida. Suka zaga Amurka da mota, suka sha wuya, don masu zuwa kallo gudu suke so, su kuma suna jan kiɗa kamar tafiyar hawainiya. A ƙarshen 1986 suka je Sausalito a Kalifoniya suka naɗi cikakken faifansu na farko, Gluey Porch Treatments, wanda kamfanin Alchemy ya fitar a 1987.

Saƙo na ƙarshe daga wani ɗan'uwa ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Ya ce idan su ne malamai, me ya sa almajirai suka fi su suna da dukiya? Ko dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi?

Ɗan'uwa, karin maganar ta kusa, amma ba ta zauna daidai ba, don babu wanda ya ƙwace musu komai. A 1988, daidai lokacin da ido ya fara juyowa Seattle, Osborne da Crover suka tattara suka koma San Francisco. Lukin ya tsaya, ya shiga cikin waɗanda suka kafa Mudhoney. Gurbinsa Lori Black ta cike, 'yar Shirley Temple, tauraruwar fim ɗin nan da daga baya ta yi jakadancin Amurka a Ghana daga 1974 zuwa 1976. Baba na Kumasi wataƙila ya tuna sunan. Kafin su Osborne su tafi, a watan Janairun 1988, Crover ne ya buga wa Cobain da Novoselic ganga a naɗinsu na farko a situdiyo, wasu daga cikin waƙoƙin ma sun shiga faifan Nirvana na farko a 1989. A 1990 kuma Osborne ne ya haɗa Nirvana da Dave Grohl, mai gangar da suka yi suna da shi.

Bambancin yana cikin waƙar. Cobain ya ɗauki nauyin sautin Melvins ya ɗora masa amshi mai daɗi wanda yaro zai iya rerawa a hanya, faifansu na 1991 ya sayar da miliyoyi. Melvins ba su taɓa neman yin haka ba. Babban kamfanin Atlantic ya ɗauke su a 1993 saboda guguwar Nirvana, suka yi faifai uku, ciniki bai kai yadda kamfanin ke so ba, aka rabu, suka koma wurin ƙananan kamfanoni. Cobain ya rasu a watan Afrilun 1994 yana da shekara 27, Nirvana ta watse. Osborne da Crover kuwa sun haura shekara 40 tare, faifansu ya wuce 20. A 2013 ma sun kira Mike Dillard ya koma kan ganguna, Crover ya karɓi bes, suka yi faifai guda.

Mai kula da na'ura yana yi mini alama da agogo. Ga ɗan guntun naɗin nan na 1983, daƙiƙa talatin kacal. Hajiya ta Maraɗi, a ɗan rage muryar rediyo.