Gwajin jijiyar ulna: lambobin da ake sa ran gani a lafiyayyen hannu

To jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau jijiyar ulna za mu taɓa, ita ce wadda in ka buge gwiwar hannu da kujera za ka ji kamar lantarki ya ja ka har ƙaramin yatsa.

Ku kalli nan. A gwajin nan 'yar wutar lantarki ake ba jijiyar, a auna amsar da ta bayar. Mu fara da ɓangaren motsi. Mun manna wayar ɗaukar amsa a kan naman gefen tafin hannu ɗin nan mai buɗa ƙaramin yatsa, sai mu auna kamar santimita 7 zuwa 8 mu ba da wuta a wuyan hannu. Jinkirin da amsa ke yi kafin ta fito, wato letensi, kar ya wuce milisakan 3.3 (milisakan ɗaya bisa dubu ne na sakan), tsayin amsar kuma, wato ƙarfinta, milibolt 6 ko sama. Daga nan mu matsa ƙasan gwiwa, sannan samanta, a bar santimita 10 tsakani, gudun saƙo ya kai mita 49 zuwa 50 a sakan.

Ɓangaren ji kuma zobban waya masu ɗaukar amsa ake sa wa ƙaramin yatsa, nisa santimita 11, amsa maikrobolt 17 ko fiye, jinkiri kar ya wuce milisakan 3.1.

Amma fa ku tsaya, lambobin nan ba aya ba ce, kowane ɗakin gwaji yana da nasa kuma na dattijon da ya haura 60 sukan ɗan sauka. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutum ya haddace su tsaf amma bai taɓa hannun mara lafiya ya ji ɗuminsa ba. Da hunturu mutum zai sauko daga babur hannu kamar ƙanƙara, kowane digiri ɗaya da zafi ya ragu gudun yana faɗuwa da kusan mita 2 a sakan, kun ga ke nan sai ka ɗora wa lafiyayye ciwon da ba shi da shi. A ɗumama hannun ya kai digiri 32 tukuna.

Sai gwiwa, a lanƙwasa ta aƙalla kusurwar digiri 90, don in hannu a miƙe yake jijiyar takan yi sako-sako a ciki, tef ɗinka ya ba ka tsawon da bai kai na gaskiya ba, gudu ya fito ƙasa na ƙarya. In an lanƙwasa kuma har yanzu gudun gwiwa ya gaza na damtsen ƙasa da fiye da mita 10 a sakan, to nan ne za mu ce akwai matsi a kan jijiyar a gwiwa.

Wani abu, in kun ga tsayin amsa ya faɗi tsakanin wuyan hannu da ƙasan gwiwa kar ku yi saurin yanke hukunci, wasu an haife su da reshen da ya tsallako zuwa ulna daga jijiyar midiyan, wata jijiyar hannu ta daban, Martin-Gruber ake ce masa. Kuma a wajenmu ku riƙa lalubar jijiyar a bayan gwiwa ko ta yi kauri, don kuturta tana yawan kama ta. To, Malam miƙo ɗaya hannun mu kwatanta.