Kafin ka sayi fili kusa da filin jirgi, duba inda titin ya dosa

[Taswirar Damagaram daga sama]

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Kwana biyun nan wata murya tana ta yawo a WhatsApp, wai duk gidan da ke kusa da filin jirgi ranarsa ta zo. Wani ya ce kilomita biyar, wani ya ce goma. A fadarmu saura kaɗan a ba hammata iska a kan maganar, shayi ma har ya huce. Duk gardamar a kan kalma ɗaya take: "kusa".

Mu gaggauta da abin da ba a musu a kansa. Ƙa'idojin gini kusa da filin jirgi sun fito ne daga hukumar jiragen sama ta duniya, OACI, mai mazauni a Montreal, wadda yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta haifa. A Nijar hukumar jiragen sama ta ƙasa, ANAC, ke sa ido, ASECNA kuma ke kula da zirga-zirgar jirage a sama. Meri ke yanka filaye. Shi ke nan.

[A tsaya kan titin jirgi, a ja layi daga tsininsa biyu]

To, ga inda ake ɓata. Mutane suna zana da'ira a ransu, filin jirgi a tsakiya, su ce na ciki ya shiga uku, na waje ya tsira. Amma jirgi ba shirwa ba ne da zai tashi ta inda ya ga dama. Ta tsinin titi yake tashi, ta tsinin titi yake sauka. Kuma yana son ya fuskanci iska: da hunturu tana zuwa daga arewa maso gabas, da damina ta juyo daga kudu maso yamma, don haka duka tsinin biyu suna aiki.

Yanzu ku ɗauka akwai wani rufi da ido ba ya gani, wanda ba a son gini ya wuce tsayinsa. Yana farawa mita 60 bayan ƙarshen titi, yana hawa a hankali, yana buɗewa kamar mazurari. A dogon titi na manyan jirage, hawansa biyu cikin ɗari ne: duk tafiyar mita 50, ya ɗaga mita ɗaya tak. Mita 500 daga nan, mita 10 ke gare ka. Kilomita ɗaya, mita 20. Ta gefen titi kuwa, da zarar an wuce yankin da aka keɓe, duk mita 7 yana ɗaga mita ɗaya. Kun ga bambanci? Wanda ke gefe, yana hango shinge daga ƙofar gidansa, zai iya fin wanda ke can nesa a kan layin tsini sarari.

Zan maimaita, don nan ne kawuna ya faɗa: daga tsayin titin jirgi ake auna rufin nan, ba daga dandamalin ɗakinka ba. Garinmu kuma kun san shi, tudu da duwatsu. In filinka ya fi titin tudu da mita shida, ka cinye shida tun ba ka aza bulo ɗaya ba. Ka hau bene, ka ɗora tankin ruwa, wanda a Damagaram ba wanda zai ga laifinka, sannan ga eriya. Duk da su ake ƙirgawa, har da doguwar bishiya da injin ɗaga kaya na magina.

[Baƙin allo. Ba mu da hoto a nan, sai ku saurara]

Ran 4 ga Mayu 2002, wani jirgi ya tashi daga filin Malam Aminu Kano, bai yi nisa ba ya faɗa kan gidaje a Gwammaja. Fiye da mutum ɗari suka rasu, cikinsu har da waɗanda ke zaune a gidajensu, ba su sayi tikiti ba. Allah ya jiƙansu. Yawancin haɗarin jirgi wajen tashi da sauka yake aukuwa, shi ya sa ake ƙyamar cika layin nan da gidaje da makarantu.

[Juji, kwata, tapki]

Saura da gudu. Ƙarar jirgi: ita ma layin tsini ta fi bi. Tsuntsaye: juji da kwata da tapki suna tara ungulu da balbela, tsuntsu ɗaya kuma kan iya kashe inji, shi ya sa OACI ke son a binciki irin waɗannan wurare har kilomita 13. A ganina, juji ya fi benen Alhaji zama abin tsoro, amma ba wanda ya yi masa murya a WhatsApp.

Takardar fili daban, izinin gini daban. Dillali zai nuna maka ta farko ya ce, "Alhaji, komai ya cika." Ce masa, "Malam, buɗe min taswira, nuna min inda titin ya dosa." Sannan ka je meri da lambar filin, ka tambayi mita nawa aka yarda ka hau a wurin, su rubuta maka a takarda.